Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Gansakuka Mai Guba da Cefanen Babbar Kasuwa

Laccar da aka gabatar gaban ɗalibai da matasan ma'aikata a birnin Katsina



Da aka nemi in yi magana a kan ruwa da lafiyar jama'a, na san da yawa cikinku sun zaci zancen kwalara ko taifot za su ji, domin su ne cututtukan da muka saba dangantawa da ruwa. To, yau wata hanya zan bi da ku. Ina so mu tashi daga nan mu shiga Babbar Kasuwa da hantsi a tsakiyar bazara, mu tsaya a layin 'yan gwari. Ga alayyahu ɗauri ɗauri, ga latas da kabeji an jera, mai kaya yana ta yayyafa musu ruwa daga bokiti don kada rana ta sa su yaushi. Can gaba ga masu kifi da karfasa da tarwaɗa, ɗanye da banda. Ga kuma ɗan garuwa ya turo kurarsa cike da jarkoki, yana neman hanya. Mai saye yakan tambayi kuɗin kaya, yakan duba ko ganye ya yi kyau, amma da wuya ka ji wanda ya tambayi irin ruwan da aka yi ban-ruwa da shi, ko irin ruwan da kifin ya girma a ciki. Wannan tambaya ita ce jigon maganata.

Mece ce wannan gansakuka?

Duk wanda ya tashi a birnin nan ko a ƙauyukan kewaye ya san gansakuka. Mun yi wanka a kududdufi muna yara, mun ture ta da hannu mun yi nutso, ba mu ɗauke ta a bakin kome ba. Amma abin da Bahaushe ya haɗa ya ba suna ɗaya, masana sun raba shi gida gida. Akwai mai zare zare kamar gashi, wadda in ka sa sanda ka ɗago sai ta biyo ta tana reto. Wannan ƙaramin tsiro ne na ruwa, kuma galibi ba ta da guba. Akwai kuma wadda in ta yi yawa sai ka ga fuskar ruwa kamar an zubar da koren fenti, wani lokaci da shuɗi shuɗi a gefe inda ta fara bushewa, ga wari irin na ruɓaɓɓiyar ciyawa. In ka sa sanda ba abin da za ka ɗago, sai dai sandar ta fito a shafe. Wannan ta biyun ita ce abin maganarmu. Ko da yake idonmu yana ganinta kamar tsiro, asalinta ƙwayoyin baktiriya ne masu haɗa abincinsu da hasken rana, masana kuwa suna kiransu sayanobaktiriya.

Kada mu yi mata rashin adalci. Tana cikin daɗaɗɗun halittun duniya, kuma masana sun nuna cewa ita ce ta fara cika sararin duniya da iskar da muke shaƙa, fiye da shekara biliyan 2 da suka wuce. Haka kuma ba kowace iri ce ke da guba ba. A ƙasar Cadi matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata iri daga ƙananan tafkunan kanwa da ke kusa da Tafkin Cadi, su shanya ta a kan rairayi ta bushe, su kai kasuwa da sunan dihe, a sa a miya. Matsalar ita ce wasu ire-iren suna haɗa guba a cikin jikinsu, kuma ido ba ya rarrabe mai guba da marar guba. Tafki guda ma yana iya zama lafiya lau a wannan mako, mako mai zuwa ya zama abin gudu. Sai ɗakin gwaji ne ke raba gardama.

Me ke sa ta yaɗu?

Abu huɗu take bukata: zafi, hasken rana, ruwan da ke kwance ba ya gudu, da abinci. Uku na farko muna da su a wadace, ba mu saya ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yakan kai digiri 40, ruwan madatsai da tafkuna ya ja baya, abin da ya rage ya yi ɗumi ya kwanta. Na huɗun kuwa mu ne muke kai mata da hannunmu. Abincinta sinadarai biyu ne, naitirojin da fosfaras, wato ainihin abin da ke cikin buhun takin zamani da muke layi a kansa kowace damina. Takin da manomi ya zuba fiye da bukatar shuka ba ya ɓacewa, ruwan sama ne ke wanke shi ya gangara da shi rafi, rafi ya kai shi madatsa. A haɗa da kashin dabbobin da ke shan ruwa a bakin tafki, da ruwan kwatamin gari, da jini da tumbin mayanka, da ruwan wanki, da ragowar abincin kifi a tafkunan kiwo. Ashe takin da ke ƙosar da masara a gona shi ne ke ƙosar da gansakuka a ruwa.

Akwai wata dabara da wannan halitta take da ita wadda ya kamata a sani. A cikin jikinta akwai 'yan jakunkunan iska da ke sa ta taso sama in ruwa ya natsu. Daga nan sai iska ta kora ta gefe guda ta tara. Saboda haka wurin da ta fi kauri shi ne bakin gaɓa, daidai inda yaro ke wasa, inda saniya ke kafa baki, inda mai lambu ke jefa tiyon injinsa.

Gubar da aikinta a jiki

Gubar ba iri ɗaya ba ce. Wadda aka fi samu a duniya ita ce maikurosistin, kuma an gano ire-irenta fiye da 200. Hanta take nufa. In ta shiga ciki sai ta bi hanyar da jiki ke bi wajen mayar da ruwan ɗaci zuwa hanta, ta shiga ƙwayoyin hantar, ta tsayar da wasu sinadarai da ke riƙe da tsarinsu. In ta yi yawa sai ƙwayoyin su saki juna, jini ya taru a hanta. Akwai wata mai taɓa hanta da ƙoda gaba ɗaya. Akwai kuma masu kama jijiya, irin su anatoksin, wadda kan tsayar da numfashin kare ko tunkiya cikin ɗan lokaci kaɗan bayan sun sha ruwan. Alamun da mutum kan fara gani su ne ciwon ciki, amai, gudawa, ciwon kai da zazzaɓi. Wanda ya yi wanka a ciki yakan sami ƙaiƙayi, ƙuraje da jan ido. Kun ga ke nan duk alamu ne da za a iya ɗora wa zazzaɓin cizon sauro ko taifot, a ba da magani a sallami mutum, alhali ruwan da ya kwantar da shi yana nan yana jiransa a randa. Har yau kuma babu wani magani takamaimai mai karya wannan guba, sai dai likita ya tallafa wa jiki har ya farfaɗo.

A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka ga mafi shaharar irin maikurosistin a ruwan sha: maikurogiram 1 a kowace lita. Maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Bari in kawo muku shi kusa. Giram ɗaya, wanda bai kai rabin nauyin ƙwayar sukari ba, ya isa ya kai lita miliyan ɗaya bakin wannan iyaka, wato jarkar ɗan garuwa mai lita 25 har guda 40,000. A 2020 hukumar ta sake duba lamarin, ta bar wannan adadi ga ruwan da za a sha tsawon rai, ta ƙara da maikurogiram 12 ga shan 'yan kwanaki, da 24 ga ruwan wanka da iyo. Abin da aka ƙiyasta jiki zai iya ɗauka kullum shi ne maikurogiram 0.04 ga kowane kilo na nauyin mutum. Babba mai kilo 60 rabonsa 2.4 ke nan, yaro mai kilo 15 kuwa 0.6 kacal. Shi ya sa yara suka fi kowa shiga haɗari.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Labarin farko da aka rubuta a littattafan kimiyya ya fito ne daga Ostireliya a 1878. Wani masanin sinadarai mai suna George Francis ya ga tumaki da dawaki da karnuka suna mutuwa bayan sun sha ruwan Tafkin Alexandrina, wanda kore ya rufe. Don ya tabbatar, sai ya ɗebo koren ya ɗura wa tunkiya, ita ma ta mutu.

A 1979, a Tsibirin Palm na ƙasar ta Ostireliya, gansakuka ta rufe madatsar da mutane ke sha, har ruwa ya canza ɗanɗano. Sai hukuma ta zuba wani sinadarin tagulla don ta kashe ta. Ta mutu kuwa, amma da ƙwayoyin suka farfashe sai gubar da ke ƙunshe cikinsu ta bazu cikin ruwa. Kusan mutum 150, mafi yawansu yara, suka kamu da ciwon hanta da amai da gudawa. Ina roƙon ma'aikatan ruwa da ke cikinmu su riƙe wannan labari da kyau, domin an yi gyaran ne da kyakkyawar niyya, rashin sani ya mai da shi ɓarna.

Mafi muni shi ne na garin Caruaru a Birazil, cikin Fabrairu 1996. An yi ƙarancin ruwa, sai aka riƙa kawo wa wani asibitin wankin ƙoda ruwa a tankar mota daga madatsa, ruwan da bai sami cikakkiyar tacewa ba. Gubar ta bi na'ura ta shiga jinin marasa lafiya kai tsaye. Cikin mutum 131 da ake wa wankin ƙoda a wurin, fiye da 50 aka tabbatar wannan guba ce ta kashe su. A Agusta 2014 kuma, a birnin Toledo na jihar Ohayo a Amurka, an hana kimanin mutum 400,000 shan ruwan famfo har kusan kwana uku, aka kuma gargaɗe su kada su tafasa shi. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, gwamnatin ƙasar ta ce gubar gansakuka ce a wuraren shan ruwansu.

Daga Zariya zuwa ƙofar gida

Wani zai ce duk wannan labarin nesa ne. To, bari mu dawo gida. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Mathias Chia da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna bin diddigin wannan al'amari. A 2009 sun ba da rahoton samun maikurosistin a ruwayen Zariya. A 2019 suka sayo alayyahu da kabeji da latas daga kasuwannin Zariya suka gwada, suka sami gubar a cikinsu. A 2021 suka sake samunta a jikin karfasar da ake kiwo a tafkunan garin. Zariya ba Birazil ba ce. Rana ɗaya ke dukanmu, taki ɗaya muke zubawa, miya ɗaya muke sha, motocin gwari kuma suna kai da kawowa tsakanin kasuwanninmu dare da rana. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ka san abin yi.

Mu dubi namu. Ruwan famfon birnin nan ya daɗe yana dogara ga madatsar Ajiwa da ke ƙasar Batagarawa, wadda aka gina cikin shekarun 1970. Muna da Zoɓe a Dutsin-ma, wadda aka kammala a 1983, muna da ta Jibiya, ga kuma lambunan da ke bin rafin Ginzo a gefen gari, inda ruwan kwatami ke gangarawa. Duk wuraren nan ana noman rani ko kamun kifi, kuma amfaninsu Babbar Kasuwa yake nufa. Ban tsaya nan don in ɗora wa wata madatsa ko wani lambu laifi ba. Abin da nake cewa shi ne sharuɗɗan nan huɗu da na lissafa suna haɗuwa a ƙasarmu kowace bazara, kuma hanyoyin da gubar kan bi ta shiga gida guda uku ne, dukansu ta kasuwa suke ratsawa.

Hanya ta farko ruwan sha. Ruwan rijiya mai zurfi da na burtsatse galibi sun tsira daga wannan matsala, domin gansakuka ba ta rayuwa inda babu hasken rana. Haɗarin yana ga ruwan da aka ɗebo daga tafki ko madatsa ba tare da cikakkiyar tacewa ba. Hanya ta biyu ganye. Shuka tana zuƙar gubar ta saiwa, wadda aka watsa wa ruwa kuma tana riƙe ta a fuskar ganye. Wanki yana kawar da ta waje, amma ba ya kai wa ga wadda ta shiga ciki. Hanya ta uku kifi, musamman karfasa mai cin gansakuka, gubar kuwa ta fi taruwa a hanta da hanji.

A nan ne maganar take da nauyi. Tun muna firamare aka koya mana cewa a tafasa ruwa, a dafa abinci ya nuna. Wannan koyarwa gaskiya ce, kada wanda ya fita daga nan ya ce na hana tafasa ruwa, domin tafasawa ke kashe ƙwayoyin kwalara da taifot. Sai dai maikurosistin ba ƙwayar cuta ba ce da za ta mutu, sinadari ne mai jure wuta. Tafasawa tana fasa ƙwayoyin gansakukar ta saki gubar, ruwa ya ƙone ya ragu, gubar ta ƙara kauri. Koren ruwa dai ba a gyara shi a murhu.

Ga kuma wani abin da ya fi damuna. A 2006 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, mai mazauni a Faransa, ta sa maikurosistin cikin abubuwan da ake zaton suna iya jawo sankara. A yankunan Qidong da Haimen na ƙasar Sin an lura cewa masu shan ruwan tafki da na lambatu sun fi masu shan rijiya kamuwa da sankarar hanta, har hukuma ta tashi haiƙan a kan abu uku: gyara ruwan sha, kare hatsi daga fumfuna, da rigakafin ciwon hanta. Mu ma abokan gāban nan biyu suna nan tare da mu. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, gubar fumfuna kuwa sananniya ce a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba. Hantar da ke fama da biyu, ina dalilin ɗora mata na uku?

Abin yi

Ba na son gobe a ji an ƙaurace wa alayyahu. Mai lambu da mai kifi ba su suka ƙirƙiro wannan matsala ba, ruwan da suka samu da shi suke aiki, kuma su da 'ya'yansu ne suka fi kowa daɗewa tsaye a cikinsa. Ganye da kifi abinci ne da jikinmu ke bukata. Gyara daga tushen ruwa yake farawa.

A gida, kada a sha ko a yi girki da ruwan da ya yi kore ko yake wari, ko da an tace shi da ƙyalle ko an sa masa alif, domin waɗannan ba sa cire gubar da ta riga ta narke. A hana yara wanka a tafkin da ya yi fenti fenti, wanda ya shiga kuma a wanke shi da ruwa mai tsabta. A cire kayan cikin kifi duka a zubar, a wanke naman sosai. In dabbobi suka mutu ba zato bayan sun sha wani ruwa, kada a ci naman, a gaggauta sanar da malamin dabbobi. Jarirai kuma a kai su rigakafin ciwon hanta, wanda ya shiga jerin alluran yara a Nijeriya tun 2004.

Ku ɗalibai, musamman na sashen nazarin halittu da na sinadarai, ga aikin bincike a ƙofar gidanku. Farkonsa ba ya bukatar kuɗi. Ɗebi ruwa a kwalba, da safar hannu, ka ajiye shi wuri mai sanyi ya kwana. In koren ya kwanta ƙasa, mai yiwuwa ƙaramin tsiro ne. In ya taso ya yi zobe a wuyan kwalba, to akwai alamar mai gubar ce, sai a kai ɗakin gwaji. Ɗalibin da ya riƙa ziyartar tafki guda kowane mako daga Fabrairu zuwa Yuni, yana rubuta launin ruwa da zafinsa da abin da ya gani a madubin ɗakin gwaji, ya yi wa garinsu aikin da ya fi kwafe littafin wani. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan, ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-ma, maƙwabciyar Zoɓe.

Ku kuwa ma'aikata, kowa da rabonsa. Ma'aikacin ruwa ya sani cewa a matatar ruwa ana fara cire ƙwayoyin ne da ransu ta hanyar alif da tacewa, sannan a sa kulorin isasshe, in hali ya yi a haɗa da gawayin tacewa na musamman. Bututun zuƙo ruwa kuma kada ya tsaya a fuskar ruwa inda koren ke taruwa. Malamin gona ya koya wa manomi zuba taki gwargwadon bukata, da barin ciyawa tsakanin gona da bakin ruwa, da nutsar da tiyo nesa da gaɓa. Duba-gari ya san inda 'yan garuwa da masu tanka ke ɗibar ruwa. Ma'aikacin asibiti, in ya ga yara daga unguwa guda da amai da shawara, ya ƙara tambaya ɗaya a kan wadda ya saba: wane ruwa kuke sha, ina kuka yi wanka? Wanda kuma ke zaune a ofishin kasafi, in takardar neman kuɗin kayan gwajin ruwa ta zo teburinsa, ya tuna da Caruaru kafin ya tura ta ƙasan fayil.

Shugaba, jama'a, magabata sun ce ruwa ba ya tsami banza. In tafki ya yi kore, labari yake ba mu na abin da muka zuba masa daga gona da kwatami da mayanka. Bazara mai zuwa, in kun ratsa ta bakin wata madatsa ko kududdufin unguwarku, ku tsaya ku duba fuskar ruwan, ku rubuta abin da kuka gani da ranar da kuka gan shi, ku kai wa wanda ya dace.

 Wanda ke da tambaya ko gyara, ga fili.